Ku Tambayi Mai Gyara: Esi Yana Ta Aiki Amma Ba Sanyi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa, ya muka ji da zafi. Tunda watan Maris ya kama kusan duk saƙon da ya shigo min maganar ɗaya ce, esi a kunne, iska tana fitowa, mita tana ta cin kuɗi, amma mutum yana kwance yana juyi cikin gumi. Na tsinto waɗanda nake ganin amsarsu zata amfani mutane da yawa, wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri ya duba na 'yan uwa, wataƙila ciwon ɗaya ne.

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah ina neman shawara. Esin ɗakina hos ɗaya da rabi ne shekararsa uku, tun bara yake min wasa, in ya daina sanyi sai maigida ya kira mai gyara yazo yace gas ne ya ƙare a cika, yayi sanyi kamar sabo na wata biyu ko uku sai ya koma gidan jiya. Yanzu sau uku kenan ana cikawa kuma kowane zuwa sai kuɗin ya ƙaru. Wai haka esi yake shan gas ne ko nawa ne mai matsala? Daga wata uwargida, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da haƙuri, kuma naji daɗi da kika kawo wannan maganar don ita tafi ci min tuwo a ƙwarya a sana'ar nan tamu. Esi baya shan gas. Ko kaɗan. Gas ɗinsa ba irin na girki bane da wuta take cinyewa, ba kuma fetur bane, zagaye kawai yake yi a cikin bututu rufaffe daga injin cikin ɗaki zuwa na waje ya sake dawowa, kamar jini a jikin mutum. In ya shigo na cikin ɗaki yana ruwa-ruwa sai ya koma tururi, to a wajen komawa tururin ne yake zuƙe zafin ɗakin, irin yadda in kika fesa turare a hannu kike jin wurin yayi sanyi lokacin da yake bushewa, daga nan kwamfuresa, wato injin matse gas da ke cikin na waje, ta janyo shi ta matse shi yayi zafi zau, fankar waje ta hure zafin, ya koma ruwa, ya bi ta wani siririn bututu ya sake shiga ɗaki. Aikin kenan dare da rana. Akwai esin da zai shekara goma ba'a ƙara masa ko giram ɗaya ba. Saboda haka duk esin da aka ce gas ɗinsa ya ƙare to akwai huji a wani wuri, kuma cika shi ba'a toshe hujin ba ɗiban ruwa ne da kwando.

Inda yafi yin yoyo a irin esin da muke sawa a gidaje shine mahaɗar bututu. Bututun jan ƙarfe biyu ne, siriri da mai kauri, kowanne ana buɗa bakinsa kamar bakin algaita a ɗaure shi da noti, biyu a bayan na ciki biyu a jikin na waje, mahaɗa huɗu kenan. In wanda ya kafa esin yayi gaggawa bakin ya tsage ko ya karkace, ko kuma ya ɗaure notin da ƙarfin tsiya har ya murƙushe bakin, to ranar sanyi zai yi lafiya lau a sallame shi ya tafi, amma gas yana nan yana sulalewa kaɗan-kaɗan ba mai ji ba mai gani. Bayan nan sai inda bututu ya ratsa bango yana gogar siminti, da murafen bawul ɗin da ake jona geji, wato ma'aunin matsin gas, in an cire ba'a mayar an ɗaure ba, sai ƙananan huji a lanƙwasar bututun na ciki, wannan shi yafi bada wahala kafin a gano.

Ke da kanki zaki iya dubawa kafin kowa yazo. Ki kunna shi yayi kamar minti 15, ki fita wajen na waje ki duba gefen da bututun biyu suka shiga. Mai kaurin ya kamata ki ji shi da sanyi yana raɓa kamar kwalbar lemo da aka fito da ita daga firij. In kika ji shi salam ba sanyi, siririn kuma yayi fari fat da ƙanƙara, to alama ce gas yayi ƙasa. Sai ki duba notunan ɗaya bayan ɗaya, in kika ga wani yayi maiƙo ƙura ta manne masa yayi baƙi-baƙi alhali sauran a bushe suke, to kin kama ɓarawon, saboda akwai mai a cikin kwamfuresa da yake bin gas ɗin suna zagayawa tare, duk inda gas ya fita sai man ya bar shaida. Kallo da taɓa bututu kawai nace fa Hajiya, kar ki buɗe murfin da wayoyin wuta suke ciki.

Bara war haka aka kira ni wani gida irin matsalarki sak, su har sau huɗu aka cika musu. Na duba na waje ban ga komai ba, na hau kujera na ɗaga na ciki na yanka baƙin soson da aka naɗe bututu da shi, wallahi sai naji shi jagab da mai kamar soson wanke-wanke. Na kaɗa ruwan omo na shafa a notin, muka tsaya muna kallo ni da maigidan, can sai ga kumfa ɗaya tana tasowa a hankali tana girma har ta kai girman ƙwan zabo ta fashe, wata ta sake tasowa. Dana kwance notin bakin bututun a tsage yake siriri kamar silin gashi. Abinda na yanke bai kai tsawon yatsa ba, na sake buɗa baki na ɗaure. Wannan 'yar tsagar ce ta cinye musu kuɗin cika huɗu.

To in mai gyara ya dawo ga abinda zaki sa maigida ya tsaya a kai. A fara neman inda yake yoyo da ruwan sabulu, in ba'a gani ba a ɗura masa iskar naitirojin a matse shi a bar geji a jiki a ga ko allura zata sauka. Naitirojin fa, ba iskar oksijin ta masu walda ba, oksijin in ta haɗu da man kwamfuresa fashewa take yi kuma tana kisa, duk wanda kuka ga ya zo da ita da sunan gwaji ku hana shi. In an samu wurin a gyara, sannan a jona injin bakyum ya zuƙe iska da danshin da suka shiga bututun na aƙalla minti 15 zuwa 30, wannan matakin shi aka fi tsallakewa, wasu sai su buɗe gas ya ɗan yi fusss su ce ya kore iskar, bai kore ba. Sai a ƙarshe a zuba gas, kuma da sikeli, don a jikin na waje akwai takarda da aka rubuta irin gas ɗin da adadin giram ɗin da yake ɗauka, in yayi yawa ma illa ce kamar yadda in yayi kaɗan.

Kuma kar ki cigaba da kunna shi a haka. Gas ɗin da yake dawowa da sanyi ta bututu mai kauri shi yake sanyaya kwamfuresar kanta, in babu shi zafi take ta ɗauka ga mai yana raguwa, wata rana sai ta ƙone, kuma kuɗinta ya ninka na gyaran yoyo sau da yawa. Zan faɗi wata gaskiya ɗaya don kar na ɗora wa yaran gyara laifin duka: sau da yawa in kace wa mai gida aikin zai ɗauki wuni kuma ga kuɗin neman yoyo, sai yace a'a kai dai cika min kawai yau ina da baƙi. Ku ba mai gyara lokaci ku biya shi kuɗin bincikensa, ku kuma ce masa in gas ɗin ya sake sauka cikin wata uku shi zai dawo ya duba, mai sanin aikinsa ba zai ƙi wannan sharaɗin ba.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ni nawa da daddare da safe yana sanyi har sai mun ja bargo, amma daga ƙarfe sha biyun rana zuwa la'asar sai ya zama fanka, wani lokacin ma naji na wajen ya tsaya cak sai can ya tashi. An ce min gas ne amma ni ban yarda ba. Na wajen yana bangon yamma a cikin kejin ƙarfe saboda ɓarayi. Magidanci daga Sakkwato.

AMSA: Malam kayi daidai da baka yarda ba, esin da yake sa ka jan bargo da daddare da wuya ace gas ne matsalarsa. Na wajenka ne yake shaƙewa. Ka ɗauke shi kamar lagireton mota, duk zafin da aka kwaso daga ɗaki ta waɗannan siraran faifan alminiyon na bayansa yake fita, to ka tuna hunturun da muka fito, wata uku zuwa huɗu ƙura tana sauka, ta haɗu da gashin tattabaru da audugar rimi da guntun leda ta toshe tsakaninsu kamar an yaɓa ƙasa. Da daddare iskar gari tayi sauƙi yana iya lallaɓawa, da rana kuwa Sakkwato a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ga ranar yamma tana dukansa kai tsaye, ga keji ya tare shi iskar zafin da ya huro tana dukan ƙarfe tana dawo masa, sai kwamfuresa tayi zafi abin kariyar da ke jikinta ya yanke mata wuta, in ta huce ta sake tashi. Tsayawar da kake ji kenan.

Gyaran farko ruwa ne. Ka kashe shi daga makunnin bango, ba da remot kaɗai ba, ka samu tiyo mai matsakaicin ƙarfi ka wanke faifan daga sama zuwa ƙasa har sai kaga ruwan da yake sauka ya daina zama ja, ka kauce wa gefen da wayoyi suke, kuma kar ka sa tsintsiya ko ƙusa, faifan nan laushi ne da su in suka lanƙwashe sun ƙara toshe hanya. Ka bar shi kamar awa ɗaya ya bushe kafin ka kunna. Kejin kuma ban ce ka cire ba, na san halin da ake ciki, amma a sake shi da sanduna masu tazara, a bar masa aƙalla santimita 30 tsakaninsa da bango, gaban fankar kuma ya zama a sarari ba kwali ba buhu ba shanya. In zaka yi masa rumfa ta zama a sama can tana bashi inuwa, kar ta rufe gefensa. Ka kuma kalli fankar da rana, in tana juyawa a kasalance har kana iya ganin fukafukanta to ƙaramin kafasitonta, wato ɗan gwangwanin da yake bata turi, ya gaji, canza shi ba wani kuɗi bane.

Ranar da zaka sayi wani kuma ka duba takardar jikinsa, akwai T1 akwai T3. T1 an auna ƙarfinsa ne a zafin waje digiri 35 kuma iyakarsa wajen 43, T3 kuwa don ƙasashe masu zafi irin Saudiyya aka yi shi, an auna shi a 46 yana jurewa har 52. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai T3 ya dace da shi in ya samu. Ka kuma duba girman ɗakin, hos ɗaya wato BTU 9000 a ma'aunin ƙarfin sanyi na madaidaicin ɗakin kwana ne, in ka sa shi a babban falo mai kwano ba silin mai kyau to ko lafiyarsa ƙalau da tsakar rana sai ya gaza.

TAMBAYA: Slm yaya Injiniya, ni na ciki yana hura iska normal amma na waje sai yayi gurnani na 'yan daƙiƙu, fitilun gidan su dushe, sai naji ƙas yayi shiru, bayan minti kaɗan ya sake. Wani ya duba yace kwamfuresa ta ƙone sai dai a sayi wata, ni kuma sabon ango ne wallahi aljihu ya bushe. Daga Zariya.

AMSA: Ƙanina Allah ya sanya alheri ya bada zaman lafiya. Kafin ka gama karanta wannan amsar in esin a kunne yake tashi ka kashe shi, don kowane gurnanin nan da kake ji kwamfuresa ce take ƙoƙarin tashi ta kasa, a wannan lokacin wutar da take ja ta ninka ta aikinta sau huɗu ko biyar, shi yasa fitilu suke dushewa, ƙas ɗin kuma abin kariyarta ne yake yanke wuta don kar ta ƙone. In aka bar ta tana yi wuni guda to maganar wancan mutumin zata zama gaskiya.

Abu biyu nafi zargi kuma duka basu kai kuɗin kwamfuresa ba. Na farko wutar ce tayi ƙasa. Esi an yi shi ne don wuta 220 zuwa 240, a bazara kuwa kowa ya kunna abinda yake da shi taransifoma ɗaya tana ɗauke da unguwa guda, da magariba sai kaga ta sauka 180 ko ƙasa da haka, fanka da talabijin zasu yi aiki amma kwamfuresa ba zata iya tashi ba. Ka lura, in can tsakar dare ko a babban janareto yana tashi lafiya to wuta ce, maganinta sitabilaiza mai ƙarfi, na hos ɗaya da rabi mu 5000VA muke sawa, kuma ka danna maɓallin jinkirin nan na jikinta. Ka duba wayar da aka ja masa ma, ta zama 2.5mm daga bod kai tsaye da makunninsa shi kaɗai, na sha zuwa gida na tarar an jona esi a ekstenshan ɗin da ake cajin waya har robar ta narke tayi baƙi, wannan ba sanyi kaɗai zai hana ba, gobara yake jawowa.

Na biyu kafasito. Wani gwangwani ne na alminiyon a cikin na waje, bai wuce ƙaramin gwangwanin lemo ba, shi yake ba kwamfuresa turin da take tashi da shi, kuma zafi da wuta mai hawa da sauka suna kashe shi da wuri. In ya mutu sau da yawa zaka ga kansa ya kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace ko mai yana tsatsafowa, amma wani yana mutuwa da kyan surarsa, sai an auna da mita. A jikinsa an rubuta lambarsa, na hos ɗaya da rabi yawanci 30 ko 35 ne, a sayo mai lamba ɗaya sak, kar a ce wannan ya ɗan fi girma zai fi ƙarfi. Kar ka taɓa shi da kanka, yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an kashe esin. Sai an gwada sabon kafasito a wuta mai kyau, an kuma auna ƙafafun kwamfuresar uku da mita a gabanka, sannan zaka yarda ta ƙone. Sannan ka saba da wannan: in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ko ka juya daga janareto zuwa wutar layi, ka bashi minti uku zuwa biyar kafin ya tashi, gas ɗin yana buƙatar ya daidaita a bututu.

TAMBAYA: Ina wuni malam, mu nan kilim muke ce masa. Jiya lafiya lau yake, yau yara sun yi wasa da remot tun daga nan iska kawai yake badawa. Daga Maraɗi.

AMSA: Lafiya lau ɗan uwa, ina gaida mutanen Maraɗi. Ka kalli fuskar remot ɗin ka dinga danna maɓallin da aka rubuta MODE har sai alamar ƙanƙara mai rassa kamar tauraro ta fito, ita ce sanyi. Alamar fanka iska ce zalla, ɗigon ruwa na rage danshi ne sanyinsa kaɗan ne, alamar rana kuma ɗumi ce. Ka sa lambar a 24, ka jira minti uku zuwa biyar kaji ko na waje ya tashi. Sa shi a 16 baya ƙara wa iskar sanyi, hana kwamfuresa hutawa kawai yake yi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, esina wata bakwai da sawa, yanzu iskar da take fitowa kaɗan ce kamar numfashi, ruwa yana ɗiga ta gaba yana bin bango har fentin ya tashi, dana ɗaga murfin sai naga ƙanƙara a ciki. Ba'a taɓa buɗe shi ba tunda aka kafa. Amarya daga Kaduna.

AMSA: Wa alaikis salam amarya, amsarki tana cikin jimlarki ta ƙarshe. In kika ɗaga murfin gaba akwai raga guda biyu, su ne filta, duk iskar ɗakin ta cikinsu take wucewa. Wata bakwai da hunturu a ciki, kuma nasan ɗakin amarya baya rabuwa da turaren wuta, hayaƙinsa yana da danƙo, in ya kwanta a ragar sai ƙura ta manne a kai ta zama kamar bargo. In iska bata wucewa sai sanyin ya taru wuri ɗaya raɓar da ke jikin bututun ta daskare, ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya, in ta fara narkewa kuma ta fi ƙarfin kwatar ta zubo ta gaba.

Ki mayar da shi kan fanka zalla ko ki kashe shi awa biyu ƙanƙarar ta narke da kanta, ki sa bokiti da tsumma a ƙasa, kuma dan Allah kar ki ɓanɓare ta da wuƙa ko cokali, bututun da ke ƙarƙashinta sirara ne huda ɗaya gas ya tafi. Ki zaro ragar a hankali ki wanke da ruwa da ɗan sabulu, ki shanya a inuwa, rana tana lanƙwasa robar, in ta bushe ki mayar. Duk sati biyu a lokacin ƙura, in damina ta sauka sau ɗaya a wata ya isa. In zaki yi turare ki kashe esin tukunna, hayaƙin ya kama labule da kaya ya lafa sannan ki kunna, ƙamshin ma yafi zama a haka.

Sai ki haska fitilar waya ta inda iska take fitowa, akwai doguwar fanka kwance kamar muciya, in kika ga haƙoranta sun cika da baƙin datti to wannan sai mai sabis yazo da jakar wanki da famfo, ba aikin hannu bane. Ki kuma fita ki duba ƙarshen tiyon da ruwa yake fita waje, in esi yana aiki ya kamata kiga yana ɗiga, in a bushe yake to a toshe yake, sau da yawa zanzaro ne yake shiga yayi gininsa na laka a bakin. In duk an yi wannan ƙanƙarar ta sake dawowa sai ki koma amsar dana ba Hajiya ta Kano, don ƙarancin gas ma yana kawo ta.

TAMBAYA: Injiniya nawa inbata ne a sola nake amfani da shi, kwana biyu kenan in na kunna sai yayi minti ɗaya ya nuna wasu haruffa da lamba a fuskarsa ya tsaya. Wani yace a cire fanel ɗin a haɗa shi kai tsaye. Daga Maiduguri.

AMSA: Alhaji kar ka yarda, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Kwamfuresar inbata bata aiki da wutar soket kai tsaye, fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke cikin esin ba na sola ba, shi yake sarrafa wutar yana ƙara mata gudu yana ragewa, shi yasa take tashi a hankali har sola take iya ɗaukarta. Haruffan da kake gani esin ne yake faɗa maka inda yake masa ciwo, sai dai kowane kamfani da nasa ma'anar, E1 na wannan ba shine E1 na wancan ba, saboda haka ka ɗauki hotonsu ka duba ɗan littafin da yazo a kwali. Ka kashe daga bango minti biyar ka sake kunnawa, in ya maimaita ka nemo wanda ya san inbata musamman. Abinda nafi tararwa shine waya tsakanin na ciki da na waje ta saki ko ɓera ya ci ta, ko 'yar sansar da take auna zafi ta lalace, ko kuma tsaka ta shiga neman ɗumi ta kwanta a kan fanel ta haɗa wuta, na sha buɗewa na tarar da ita a bushe a manne. In an gyara a toshe ramin bangon da bututu ya bi da duk wata kafa ta akwatin fanel ɗin. Fanel ɗin yana riƙe wuta mai ƙarfi bayan an kashe, kar yaro ya sa hannu.

TAMBAYA: Ɗana, esina ya haura shekara goma sha biyar kuma ina jin daɗinsa, bana ya rage sanyi, mai gyara yace irin gas ɗinsa R22 yayi tsada zai zuba min na zamani. Ya kake gani? Dattijo daga Katsina.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiya ya faɗa a kan tsadar, R22 yana cikin iskokin da ƙasashen duniya suka amince a daina saboda illarsu ga rufin ozon na sararin sama, a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Montreal ta ƙasar Kanada a 1987, kuma ƙasashe irin namu an basu zuwa 2030 su kusan gamawa da shi, shi yasa sababbin esi da R410A ko R32 suke zuwa. Amma zuba na zamani a tsohon inji ban yarda da shi ba. Ƙarfin matsinsu ba ɗaya bane, R22 in yana aiki geji yana nuna wajen 60 zuwa 70, R410A kuwa 110 zuwa 130, man da kwamfuresarsu take amfani da shi ma daban ne, R32 kuma yana iya kama wuta in ya samu dalili, dole sai injin da aka ƙera dominsa. Gauraya biyu a bututu ɗaya ya fi komai muni, balle masu ɗura gas ɗin girki don araha, wannan kam a ɗakin da ake kwana da jikoki kar a kusanto da shi.

Tunda rage sanyi yayi ba tsayawa ba, a fara wanke shi ciki da waje a duba kafasito, esi mai shekara goma sha biyar sau da yawa datti ne ya danne shi. In an tabbatar gas ne a nemo yoyon a toshe a zuba masa R22 ɗinsa daidai giram ɗin da aka rubuta, har yanzu ana samu a kasuwa. In kuma aka ce kwamfuresa ce ta tafi ko bututun ciki ya ruɓe huji ko'ina, to ni shawarata kar a ƙara kashe masa kuɗi, a haɗa a sayi sabo, zai fi sauƙin wuta ma. Kafin mai gyaran ya dawo Baba ka sa ɗaya daga cikin yaran ya ɗauki hoton takardar da ke gefen na waje, in rana ta cinye rubutun a duba ta jikin na ciki, sannan in ya zo da tulun gas ɗinsa a karanta abinda aka rubuta a jikin tulun a gabanka kafin ya jona tiyo.